Ba Tsawa Ce Ke Ƙona Dajinmu Ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, duk matafiyin da dare ya riska a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ko ta Bauchi zuwa Gombe, ko ta Yola zuwa Jalingo, ba zai rasa ganin wuta tana cin daji ba. Wani lokaci can nesa a kan dutse za ka hango ta ta yi jan layi, wani lokaci kuma a bakin kwalta take, har sai direba ya ɗage gilashi saboda hayaƙi da tartsatsi. Mun saba da ita har ba ma waiwaye. Sai ranar da ta tsallaka ta cinye damman dawar da aka jibge a gona, ko ta lashe rumbunan wani ƙauye, ko ta rutsa da yaro a wurin kiwo, sannan a ji labarinta a rediyo. A ce ba a san musabbabinta ba, a yi jaje, a ce tsautsayi ne, kowa ya kama gabansa.

Jaje haƙƙi ne na maƙwabtaka, yarda da ƙaddara kuma ginshiƙi ne na imani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan magana ta ba a san musabbabi ba. A watannin da dajinmu ke ci, sararin sama babu hadari, babu walƙiya, babu tsawa, sai hazo da ƙura. Ba mu da dutse mai aman wuta a Zamfara ko Damagaram. Idan ciyawa ta kama a watan Janairu, hannun ɗan Adam ne ya kai mata wutar, ko da gangan ko da sakaci. Ana iya rasa sunan wanda ya kunna, amma musabbabin a fili yake. Hausawa na cewa gobara daga kogi maganinta Allah. Tamu ba daga kogi take tasowa ba, daga aljihunmu take fitowa, don haka akwai abin da ya rataya a wuyanmu.

Wannan ba ya nufin yanayi ba shi da nasa kaso. Kasonsa babba ne, sai dai ba na kunnawa ba ne. Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: abin da za ta ci, iskar da za ta hura ta, da tartsatsin da zai fara ta. Biyun farko yanayi ke kawo su. Damina ce ke shimfiɗa ciyawa, gamba da ƙyasuwa da tsaure su yi tsayi har su shanye mutum. Ruwa na ɗaukewa sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta iso a bushe ƙarau. Da rana tsaka a Kano ko Maraɗi laimar da ke cikin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 bisa 100, abin da ke fasa leɓe da dunduniya shi ne ke tsotse ɗan ruwan da ya rage a cikin kara da ganye. Kafin ƙarshen Janairu daji ya zama kamar murhun da aka jera wa kara aka tsaya ana fifita shi, ashana kawai yake jira.

Akwai wani abu da makiyayan Nijar suka daɗe da sani, wanda mutumin birni kan yi mamakinsa: shekarar da damina ta yi albarka ita ce shekarar da aka fi tsoron wuta. A yankin kiwo na arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaradan, da Barmo a jihar Maraɗi, da Tanut da Gure a Damagaram, idan ruwa ya yi ƙaranci ciyawa kan fito jefi-jefi, ko wuta ta kama ba ta da gadar da za ta bi. Idan kuwa ruwa ya wadata, ƙarangiya da sauran ciyayi su haɗe su zama shimfiɗa ɗaya, to wutar da ta tashi da hantsi tana iya yin tafiyar da raƙumi ba zai yi ba kafin magariba. A irin waɗannan shekaru Nijar kan yi asarar ɗaruruwan dubban hekta na makiyaya. Ciyawar da aka yi murna da ita a Satumba, ita ake kuka a kanta a Disamba.

Akwai ƙasashen da yanayi ke kunna wutar da kansa. A Kanada a shekarar 2023 wuta ta cinye kimanin hekta miliyan 15, wato kusan ninki biyu na faɗin Jihar Neja, har hayaƙinta ya rine sararin birnin New York a watan Yuni. Mafi yawan wannan fili, fiye da kashi 90 bisa 100, tsawa ce ta kunna shi, a cikin dazuzzuka masu nisa inda babu mutum kusa balle a yi saurin kashewa. Haka da yawa daga manyan gobarar Ostareliya na ƙarshen 2019 da farkon 2020. A can ana samun hadarin da ke zuwa da tsawa amma ruwansa ya ƙafe a sama kafin ya taɓa ƙasa. Mu a nan tsawa da ruwa tare suke zuwa, lokacin da ciyawa take ɗanya. In ban da hadarin farko na ƙarshen bazara, mai iska da ƙura da ɗan yayyafi, da wuya aradu ta samu busasshen daji ta faɗa masa, kuma a lokacin ma mun riga mun ƙone mafi yawansa.

Ko a ƙasashen da tsawar ke aiki, idan aka ƙirga yawan gobara, mutum ne a gaba. Wani nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya bi bayanan gobarar daji a Amurka daga 1992 zuwa 2012, ya gano kashi 84 bisa 100 mutane ne suka tayar da su. Wutar da ta shafe garin Paradise a Kalifoniya a Nuwamban 2018, ta kashe mutum 85, daga tsohon layin lantarki ta tashi, wata ƙugiyar ƙarfe da ta cinye ba a canza ba. A 2020 kamfanin lantarkin, PG&E, ya amsa laifin kisa ba da niyya ba a gaban kotu. Abin da ya ja hankalina a nan ba yawan asarar ba ne kaɗai. An bi sawun wutar har aka kai ga ƙarfen da ya karye, aka kira mai shi, ya amsa. Babu wanda ya tsaya a kan cewa iska ce mai ƙarfi, ko da yake iskar ta yi ƙarfi. Ɗumamar yanayi ma haka lamarinta yake: tana tsawaita rani, tana ƙara busar da itace, tana sa wutar da a da za a kashe da reshen ɗanyen ganye ta gagari jirgin sama. Amma ba ta ƙyasta ashana.

To, su wane ne masu ƙyastawa a wajenmu? Kowa ya san su, domin mu ne.

Na farko masu farautar gafiya da zomo da kurege. Ba manyan mafarauta nake nufi ba, waɗanda ke da sarki da ƙa'ida, suka san ranar fita da inda ba a shiga. Samari nake nufi da yara, masu karnuka da sanduna, da ke cinna wa ciyawa wuta don nama ya fito fili, ko su tura hayaƙi a rami. Idan gafiya ta fito aka bi ta da gudu, babu mai komawa ya duba wutar da aka bari. Naman da ba zai cika tukunya ɗaya ba, sai ya ci gonar rogon wani, ya ci kaɗanya da ɗorawar da mata ke jira, ya ci ƙwan zabi da na fakara, ya ci bushiya da kunkuru da duk abin da ba ya iya gudu. Shekara mai zuwa naman ya ƙara ƙaranci, sai a ƙara nisa, a ƙara wuta. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga gidan tururuwa da wasu sahabbai suka ƙone, ya nuna rashin yardarsa, ya bayyana cewa azabtarwa da wuta ba ta dace da kowa ba sai Ubangijin wuta. Idan wannan hukuncin tururuwa ne, ina ga dajin da aka babbake da duk abin da ke cikinsa?

Na biyu manomi. Shi yana da hujja, kuma ya kamata a saurare ta. Sharar gona da hannu aiki ne mai cin ƙarfi da kuɗi, ɗan ƙwadago ya yi tsada, wuta kuwa kyauta take yi cikin awa guda. Toka tana ba ƙasa ɗan ƙarfi a shekarar farko, tana kuma rage ƙwari da macizai. Matsalar ita ce yawancin abin da ke cikin kara da ganye, wanda zai ruɓe ya zama taki, hayaƙi yake zama ya tashi sama. Sinadarin da muke sayen buhun yuriya dominsa yana cikin abin da ke tafiya a hayaƙin nan. Ƙasa ta zauna tsirara wata uku ko huɗu, iska ta kwashi samanta, ruwan farko ya wanke saura. Bayan haka, wutar sassabe ba ta san iyakar gona ba. Wanda ya tara shara ya kunna da azahar, iska na kaɗawa, ya tafi gida cin abinci, ya riga ya ɗauki alhakin maƙwabcinsa ko da bai nufa ba.

Na uku makiyayi, kuma a nan dole a bambanta. A yankunan da ruwa ke da yawa, irin kudancin Kaduna da Neja da Taraba da Adamawa har cikin Kamaru, ciyawa irin gamba saiwarta ba ta mutuwa da rani. Idan aka ƙone busasshen samanta tun ƙasa na da sauran laima, sai ta yi toho, shanu su samu ɗanyen abinci a lokacin da babu shi. Wannan ilimi ne na gaske, ba ɓarna ba ce. Amma a Sahel, inda ciyawar ta shekara ɗaya ce, daga iri take fitowa kowace damina, wuta ba ta haifar da toho ko ɗaya. Abin da ya ƙone ya tafi sai wata damina, wani lokaci har da irin da ke kwance a ƙasa. Shi ya sa Bafulatani ko Buzun arewacin Tawa ba ya ƙona makiyayarsa da gangan. Tasa wutar ta sakaci ce: garwashin shayi da aka tashi aka bari, murhun zango da ba a binne ba, yaron da aka aika ɗebo wuta a ranar iska.

Sai sauran, waɗanda ba a cika ambato ba. Mai cire zuma da dare da damin ciyawa mai wuta, ya gama ya yar a gindin itace. Mai gawayi da ya buɗe raminsa tun bai huce ba. Fasinja da ya wurgo guntun taba ta tagar mota. Direban babbar mota da ya lalace a hanya, ya hura wuta don jin ɗumi, gari ya waye ya tafi. Akwai kuma mai ƙeta, wanda ke ƙona harawar wani ko makiyayar wani don ramuwa. Wannan na ƙarshe laifi ne tsagwaronsa, hukuncinsa na kotu ne, amma ba shi ne mafi yawa ba.

Wanda yake ganin duk wannan ƙaramin abu ne, ya tambayi dattawan zangon Kumasi ko na Tamale labarin 1983. Gana ta shiga fari mai tsanani tun 1982, hunturu ya yi tsawo ya yi ƙarfi, har dazuzzukan kudu masu duhu, waɗanda a al'ada ba sa kamawa, suka bushe. Mutane ba su canza komai ba: mai sharar gona ya kunna yadda ya saba, mai farauta ya kunna, mai ɗiban giyar kwakwa ya kunna. Sai dai a wannan shekarar wutar ba ta tsaya inda ta saba tsayawa ba. Ta ci gonakin koko, ta ci rogo da doya da hatsin da ke rumbu. Ƙiyasin da aka fi ambato ya ce kusan kashi ɗaya bisa uku na amfanin gona ya salwanta. A daidai wannan lokaci, cikin Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida suka tarar da yunwa. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito, ana kiran abin sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasarsu na lokacin. Darasin Gana shi ne al'adar da ta yi shekara hamsin ba ta yi kisa ba tana iya yi a shekara guda, idan fari ya zo ya same ta. Kuma masana yanayi suna gaya mana zafi ƙaruwa yake yi.

A nan ne mutane da yawa, musamman ma'aikatan gwamnati, ke yanke hukunci cikin sauri: a hana ƙona daji gaba ɗaya, a kama duk wanda aka gani. Na fahimci zafin zuciyar da ke kawo wannan magana, amma ba na goyon bayanta, domin an gwada an gani.

Mali ta gwada a zamanin Musa Tarawore. A tsakiyar shekarun 1980, bayan fari, aka haramta wutar daji kowace iri, aka ba ma'aikatan gandun daji ikon cin tara, har ƙauye guda akan ci tararsa idan aka ga ƙuna a kusa da shi. Wuta ba ta daina ba. Abin da ya ragu shi ne ƙonawa a fili, da wuri, da sanin dattawa. Mutane suka koma kunnawa a ɓoye su gudu, ciyawar da a da ake ragewa tun tana da ɗanye-ɗanye ta tsaya har ta bushe sarai. Ƙiyayya tsakanin talakawa da ma'aikatan daji ta kai inda, da mulkin ya faɗi a 1991, aka kori da yawansu daga ƙauyuka. Dokar da ta biyo baya ta dawo da izinin ƙonawar farkon rani. Amurka ma, da duk jiragenta, ta yi irin wannan kuskure ta wata fuska. Bayan babbar gobarar 1910, hukumar gandun dajinta ta ɗauki manufar kashe kowace wuta, har a 1935 aka kafa ƙa'idar a shawo kan duk wadda ta tashi kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Shekaru suka wuce, busasshen itace da ganye suka taru a ƙasan dazuzzukan da a da ƙaramar wuta ke sharewa lokaci-lokaci. Yau suna kashe kuɗi suna kunna wuta da hannunsu, bisa tsari, don rage abin da suka tara.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena kuwa a ƙasarmu aka samo ta, kuma ta kusa shekara ɗari. A 1929, a gandun dajin Olokemeji da ke tsakanin Ibadan da Abekuta, ma'aikatan daji suka ware filaye uku masu kama da juna. Ɗaya ana ƙona shi kowace shekara a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, na uku an kare shi daga wuta ɗungurungum. Bayan kusan shekara talatin aka auna. Wanda aka kare ya rufe ya zama kurmi. Wanda ake ƙonawa a ƙarshen rani itatuwansa sun ƙare sai 'yan tsiraru masu kaurin ɓawo. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwa masu yawa tare da ciyawarsa. An yi irin wannan gwaji a kusa da Buwake ta Kodebuwa tun shekarun 1930, sakamakon ya tafi a kan hanya ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wutar Nuwamba, wadda aka kunna da yamma lis ko da sanyin safiya, ciyawa na da sauran ruwa a jiki, a hankali take tafiya, ba ta tashi sama, tana barin tsibirai da ba ta taɓa ba inda ƙananan dabbobi ke fakewa, kuma raɓar dare kan kashe ta. Inda ta bi ya zama shinge ga duk wutar da za ta zo daga baya. Wutar Fabrairu da Maris kuwa, ta rana tsaka, tana hawa har kan itace, tana dafa ƙananan tsiro, tana tsallake hanya da rafi. Sunansu ɗaya amma aikinsu ya bambanta nesa ba kusa ba. Kakanninmu a yankunan gamba sun san haka, shi ya sa ake yankan shuci da ciyawar zana tukuna, a kai amfanin gona gida, a share kewayen gari, sannan a yi toyi da izinin masu gari. A arewacin Ostareliya, tun 2006, an mayar da irin wannan ƙonawa ta farkon rani hannun 'yan asalin ƙasar a yankin Arnhem, ana ma biyan su, domin an tabbatar tana rage manyan gobarar ƙarshen rani. Abin da wasu ke karɓar kuɗi a kansa, mu mun bar shi ya lalace ya koma wasan yara.

Saboda haka ra'ayina kashi biyu ne, gwargwadon ƙasa. A Sahel, daga arewacin Sakkwato da Katsina da Yobe zuwa yankin kiwo na Nijar da Cadi, babu wutar daji mai amfani. A can aikin shi ne kariya, kuma Nijar ta riga mu gane hanya: ana biyan mutanen karkara su share dogayen layuka masu faɗi a cikin makiyaya tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, wuta in ta iso ta rasa abin ci, ciyawar da aka kwashe kuma a adana wa dabbobi ko a sayar. Jihohinmu na kan iyaka, da ke kashe kuɗi a kan dashen itatuwa a ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, su sani duk shukar da ba a share mata kewaye ba, yaro ɗaya da karensa ya isa ya mayar da aikin shekara uku toka. A yankunan kudu masu dogayen ciyayi kuwa, a bar maganar haramci, a yi maganar lokaci: wata kaza an yarda, da yamma, da mutane a tsaye, bayan an sanar da maƙwabta, daga wata kaza kuma duk wanda ya kunna ya biya.

Wani zai ce ai dajin ma ƙarewa yake yi, me ya rage da za a ƙona? Akwai gaskiya a ciki. Afirka ce ke da kusan kashi biyu bisa uku na duk filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara, amma hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna filin da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu tsakanin 1998 da 2015, kuma babban dalili shi ne gonaki sun cinye dajin ciyawa, musamman a yankinmu. A kewayen Kano, inda gona ke manne da gona kuma kara kuɗi ne, da wuya ka ga wutar daji. Sai dai wannan ba abin kwantar da hankali ba ne. Ɗan abin da ya rage, burtali da makiyaya da gandun daji da fadama, shi ne kowa ya dogara da shi, kuma yanzu duk inda wuta ta juya dukiyar wani ce a gabanta. Makiyayar da ta ƙone a Disamba tana nufin garke zai gangara kudu tun manomi bai gama kwashe amfaninsa ba, ko ya faɗa fadamar masu noman rani. Rigingimu da dama da muke kira na manoma da makiyaya, idan aka bi asalinsu, za a tarar da toka a farkon hanya.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake tsoro a cikin maganata ta farko. Cewa kowace wuta da hannun mutum a ciki ba izini ba ne na nuna yatsa ga wanda aka riga aka tsana. A Agustan 2021 gobara ta kashe mutum kusan 90 a Aljeriya, mafi yawa a yankin Tizi Uzu, cikinsu har da sojoji fiye da 30 da suka je ceto. Wani matashi mai suna Jamal Bin Isma'il ya taso daga garinsu don ya taimaka wajen kashe wutar. Jita-jita ta tashi cewa shi ne ya kunna, taron jama'a suka fizge shi daga hannun 'yan sanda suka kashe shi, suka ƙone gawarsa. Daga baya kotu ta yanke wa mutum 49 hukuncin kisa a kan wannan. Mu da muke zaune a inda manomi ke cewa Bafulatani ne, Bafulatani na cewa manomi ne, ba mu da nisa da irin wannan musiba. Maganinta shi ne bincike na gaskiya. Wuta tana barin sawu: inda ta fara ya fi ƙanƙanta, ciyawa na kwantawa ta nuna inda ta fito, kuma a ƙauye da wuya a rasa wanda ya ga masu karnuka sun bi ta wajen da hantsi. Idan hukuma ba ta bincika ba, zargi ne zai cike gurbin.

Doka kuwa ba ita muka rasa ba. Tun 2011 hukumar kare muhalli ta Najeriya, NESREA, ta fitar da ƙa'idojin hana ƙona daji da ƙone-ƙone a fili ba tare da izini ba, jihohi da dama ma suna da tasu. Gana ta yi tata dokar a 1990, ta kuma kafa ƙungiyoyin sa-kai na kashe wuta a ƙauyuka. Tun kafin waɗannan duka, malaman fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun yi bayani cewa wanda ya hura wuta a ranar iska mai ƙarfi, ta tsallaka ta ɓata dukiyar wani, biya ya hau kansa. Amma manomin da ke bayan Birnin Gwari ko Gashaka ba zai je birni neman takardar izinin ƙona shara ba, kuma jami'in da ke ofis ba zai taɓa sanin wanda ya kunna ba. Wanda ya sani shi ne mai unguwa, da sarkin noma, da sarkin dawa, da arɗo. Su ne ya kamata doka ta ba ikon sa rana da hana rana, ƙaramar hukuma ta tsaya musu, alƙali ya karɓi shaidarsu.

Kuma mutane suna kare abin da suka tabbata nasu ne. A Maraɗi da Damagaram, tun tsakiyar shekarun 1980, manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a sare kututture a ƙone shi, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su su girma. Da aka sakar musu mara a kan itatuwan da ke gonakinsu, sai gawo da kalgo da sabara suka dawo a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Babu ɗan sandan da ya tsare waɗannan itatuwa daga gatari da wuta. Masu su ne suka tsare.

Kirana ga hakimai da dagatai da masu unguwanni shi ne kada a jira sai hayaƙi ya tashi. Da zarar an fara girbi, a tara manoma da makiyaya da mafarauta a zaure ɗaya, a sa ranar share kewayen gari da rumbuna, a faɗi watan da aka yarda a yi toyi inda toyi ke da amfani, a faɗi ranar da aka rufe, a kuma amince tun kafin ɓarna ta faru a kan abin da mai laifi zai biya. Limamai su ware huɗuba ɗaya a farkon hunturu a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin dabbobi a wannan babi. Iyaye kuma, idan yaro ya fita da kare da sanda, a tambaye shi ko akwai ashana a aljihunsa, in akwai a karɓe.